Kafin Ki Kai Nafisa da Bashiru Ƙauye

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Zalika,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka Illela lafiya, ke da kayanki, ba abin da ya fashe a hanya. Ina gaida maigidanki Isufu in ya samu ya zo daga Malbaza. Allah Ya sa kin shiga sabon gida da sabon buron aikinki a sa'a, Ya haɗa ki da shugabanni masu adalci da maƙwabta masu tsoronSa, Ya kare ki daga haɗarin hanya da bakin mutane. Nafisa da Bashiru suna nan wurina lafiya, suna zuwa lakwal suna karatunsu, saura sati uku a rufe.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali ga waya. Maganar da ke ciki ba ta waya ba ce. Na so in faɗa miki ita baki da baki ranar da kike ɗaure kaya, sai muka ɓuge da faɗa. Ki nemi wuri ki zauna ki karanta har ƙarshe. Kada ki karanta rabi ki ajiye ki ce Inna ta fara wa'azinta.

Ranar nan kin gaya mini shirinku. Kin ce aikin buron gona a damina yake, daga shuka har girbi kina yawon ƙauyuka, ba wanda zai ba ki hutu. Isufu kuma yana kamfanin siminti, ba ya da lokacin kansa. Don haka da an rufe lakwal za a kai yaran wurin uwarsa a ƙauyensu na bayan Malbaza, su yi wata uku, sai an kusa komawa a ɗauko su. Na ce ban yarda ba, a bar mini su. Kika ajiye tukunyar da ke hannunki kika ce, "Inna, in bar miki su ki kulle su awa awaki, yadda kinka yi muna? Wata ukku muna leƙen titi ta ƙarƙashin ƙyaure. Ɗiyana sai sun sha iska." Na ce miki mara kunya. Kika ci gaba da ɗaure kaya, har mota ta zo ba mu sake magana ba in ban da sallama.

Ba ki yi ƙarya ba, na kulle ku. Amma abin da ya zo kafin kullewar ba ki san shi ba, domin lokacin shekarunki uku, kuma na hana kowa ya ba ki labari. Abin da kika sani shi ne kina da yaya namiji, masassara ta kashe shi a ƙauye. Haka ne, masassara ce. Sai dai akwai hannuna a ciki, kuma yau zan gaya miki yadda aka yi, domin na ga kin ɗauki hanyar da na bi.

A lokacin ina buga takardu a wani buro a nan Ƙonni. Babanku, Allah Ya jiƙansa, yana Malbaza yana gyaran injuna, sai Asabar da yamma yake zuwa, Litinin da sassafe ya koma. Ku uku ne: yayanku ɗan shekara tara, Mariyama ƴar shida, sai ke. Duk shekara in babban hutu ya gabato, mukan zauna ranar Lahadi ɗaya ni da babanku mu raba ku kamar yadda ake raba kayan sallah. Wannan ta tafi wurin gwaggonta, wannan a bar ta da ƴar raino, wannan ya tafi ƙauye. Ba a fi zaman shan shayi ɗaya ba an gama. Yayanku kullum ƙauye ne rabonsa, wurin kakarku Ayya, a garin babanku can wajen Alela, domin babanku ya ce ɗa namiji sai ya san kauda ciyawa daga gindin hatsi.

Kuskurena na farko a nan yake. Gidan Ayya babban gida ne, mata sun kai bakwai, yara ba adadi. Na ce a raina yaron da ke cikin mutane haka ai ya tsira. Ban taɓa kama hannun mace ɗaya na ce mata, ke ce za ki duba ko ya ci, ke ce za ki taɓa goshinsa da safe ba. Na sauke shi a ƙofar gida da ƙunshin tufafinsa na ce, ga shi nan. Kowa ya ce an karɓa. Da damina kuwa, Zalika, ke kin fi ni sani tunda aikinki ne, gari na wayewa kowa yana gona. Wadda ta rage a gida tana daka, tana ɗiban ruwa, tana shirya furar da za a kai wa manoma. Kowace tana zaton wata ce ke duba shi. Ba mugunta ba ce, ba kuma ƙiyayya ba. Hannuwa ne suka cika.

To ki ji. Duk inda za ki ajiye ɗanki, ko kwana biyu ne, ki bar shi a hannun mutum ɗaya mai suna, wanda kika dubi idonsa ya dubi naki. In surukarki ta tsufa, ki roƙe ta ta zaɓa miki ɗaya cikin matan gidan a gabanki. Ki ɗauko gidan sauron yaran ki nuna mata, ki ɗaura shi da hannunki ki ga inda za su kwana. Ki je ki ga likitar da ta fi kusa da garin da idonki, ki san ko hanya na yankewa in an yi ruwa, ki san wa ke da babur. In kina jin nauyin yin haka a gidan surukai, to ba ki isa ajiye yaro a can ba.

Kuskure na biyu shi ne babba, kuma na daɗe ina juya alƙalami kafin in fara shi.

Dangin babanku ba su so aurensa da ni ba. Ba su faɗa a gabana ba, amma na sha ji. Ƴar lakwal ce, tana zama cikin maza a buro, tana duban mutum ido cikin ido, irin waɗannan ba su da kunya. Sai na ɗaura ɗamarar nuna musu cewa karatu bai cire mini komai ba. Na fi matan ƙauyen durƙusawa. Na fi su rufe fuska. A kan yayanku kuma na wuce kowa, domin ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin babanku aka sa masa, kunya biyu ke nan. Shekara tara ban kira sunansa ba ko sau ɗaya. "Kai" nake ce masa, in ina maganarsa in ce "wancan". In ya zo ya jingina da ni a gaban mutane sai in ture shi in ce ya tafi wurin uwarsa, ana dariya, ana cewa kai, ashe matar nan ta san al'ada. Ina jin daɗin yabon nan, Zalika. Ba zan ɓoye miki ba. Ya fi mini yabon shugabana a buro daɗi.

A hutun shekarar da abin ya faru, cikin Agusta, wata Alhamis da hantsi, Sanda ƙanen babanku ya shigo Ƙonni sayen maganin ƙwari, ya biyo ta buro. Kin san Sanda da bakinsa, kuma kin san wasan da ke tsakanin mace da ƙanen mijinta. Ya tsaya a ƙofa da ƙafafunsa duk laka ya ce, "Matata, har yanzu kina nan kina dukan wanga ƙarhe? In kin gaji ki zo in ba ki hauya, ita ta fi biyan mutum."

Na ce, "Fita mini da laka, baƙauye. Wa ya ce maka ana shiga buro haka?"

Muka gaisa. Na tambayi Ayya, na tambayi matan gida ɗaya bayan ɗaya, na tambayi ruwa, na tambayi hatsi, har jakin gidan sai da na tambaya don in tsokane shi. Yana cewa lahiya lau, lahiya lau. Akwai maza biyu a ɗakin suna aiki suna saurarenmu, ɗaya ma ɗan yankinsu ne. Sanda ya dube ni ya ce, "To, kin tambayi jaki, ba ki tambayi mutumin naki ba?"

Na ce, "Wane mutum? Ni ban ba ku ajiyar kowa ba."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, amma ba sosai ba. Ya ce, "Jikinsa da ɗan zahi kwana biyu. Ayya ta jiƙa mishi magani. Jiya dai bai tahi gona ba."

Tambayoyi sun zo har bakina. Yana cin abinci? Yana amai? Yana tashi da kansa? Ya yi magana da kai yau da safe? Na dubi mutumin nan ɗan yankinsu, na ga ya daina rubutu yana jiran abin da zan ce. Sai na ce, "Ƙiwuyar noma ce. Ku ba shi hauya ya warke." Na aiki a sayo sabulu da sukari na ba Sanda ya kai wa Ayya. Akwai ƙwayoyin masassara a cikin durowar teburina, ina ajiye su saboda ke. Hannuna ya taɓa durowar. Ban buɗe ba, don kada a ce na aika wa ɗan fari magani, kamar ina cewa kakarsa ba ta iya riƙonsa ba.

Asabar ba na aiki. Ana samun motar da ke zuwa wajen, in ta sauke ka sai ka hau amalanke. Na tashi da safe na yi wanka, na goya ki, na kai har bakin titi. A nan na tsaya ina tunanin yadda zan shiga gidan. Ba suna, ba biki, ba rasuwa, me ya kawo ki? Za su dubi juna su ce ta zo duba ɗanta. Ƴar lakwal dai ƴar lakwal ce. Shekara goma ina gina sunan nan, na ga zai rushe a wuni ɗaya. Na juyo gida na yi wanki. Da babanku ya zo da yamma na ce masa Sanda ya zo, kowa lafiya, sai wancan da ɗan zafin jiki. Na faɗe shi ina kwashe shanya, ban ko dube shi ba. Shi ma ɗan farinsa ne, shi ma yana da tasa kunyar. Ya ce, "Zafin damina ne, duk yaro na yi." Litinin ya koma Malbaza.

Talata da azahar Sanda ya dawo. Wannan karon bai yi wasa ba, bai shigo ba. Ya tsaya a waje ya aiko a kira ni. Da na ga ya cire hula yana murza ta a hannu, ban bari ya buɗe baki ba, na koma na ɗauki mayafina.

An yi ruwa daren Litinin, kwarin da ke kan hanya ya cika, sai da muka jira ya janye. Muka isa bayan la'asar. An riga an kai shi tun da hantsi. Ban ga fuskarsa ba. Abin da na tarar shi ne tabarmar da ya kwanta an jingine ta a jikin rumbu tana shan iska, da takalmansa na roba a ƙofar ɗaki, ɗaya a kife.

Sun yi niyyar kai shi likita ranar Litinin da ya fara fizge-fizge, sai hadari ya taso. Kafin nan kwana biyar yana kwance, kowa na cewa gobe zai tashi. Ayya ta kama hannuna tana kuka ta ce, "Ɗiyata, da Sanda ya dawo na tambaye shi mi kinka ce. Ya ce kin ce ƙiwuya ce. Na ce to, uwar da ta yi karatu ta ce ba komi, mu mi munka sani?" Ba zargina take ba, Allah Ya jiƙanta. Gaskiya take faɗa mini. Suna jiran ni in nuna damuwa, ni ina jiran su su ce in zo.

Wata cikin matan gidan ta gaya mini daga baya cewa ranar Asabar yayanku ya sa an fitar da shi zaure. Ya ce Sanda ya faɗa wa Inna, kuma yau Inna ba ta aiki.

Kwana bakwai na zauna a gidan nan ina karɓar gaisuwa, ban zubar da hawaye a gaban kowa ba, domin ba a yi wa ɗan fari kuka a bainar jama'a. Na ji tsofaffi suna cewa a bayana, kai, wannan mata akwai haƙuri, akwai kunya. Yabon da nake nema ya cika a ranar. Na samu duka.

Sunansa Haruna. Wannan ne karo na farko da na rubuta shi, kuma har yau bakina bai faɗe shi ba.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, malamai sun gaya mini, na kuma yi imani. Amma Allah zai tambaye ni abin da na yi da Asabar ɗin nan, kuma ba zan ce masa ina jin kunyar mutanen Alela ba.

Yanzu ki saurare ni da kyau. "Lafiya lau" gaisuwa ce, ba labari ba ne. Mutanenmu ko gawa ce a ɗaki sai sun ce lafiya lau kafin su ce komai. Ku yanzu kuna da waya, kuna ganin kun fi mu. Ba ku fi mu ba in dai abin da za ki yi shi ne ki kira surukarki ki ce ya gida, ya yara, ta ce lafiya lau, ki kashe. Ki ce a ba ki yarinyar. Ki ji muryarta da kunnenki. Ki tambaye ta me ta ci, ta ƙare ko ta rage, ta yi wasa yau ko ta kwanta. In aka ce miki tana barci da rana tsaka, ki ce a tashe ta. In aka ce "ɗan zafi", ki ajiye duk abin da kike yi ki hau babur. Gonakin mutane za su jira ki. In shugabanki ya yi faɗa, ki ba shi haƙuri bayan kin dawo.

Na ce yarinyar, domin Nafisa nake nufi, ɗiyarki ta fari. Ranar da dangin Isufu suka zo yi miki bankwana, ta zo ta ɗora kanta a cinyarki. Kika ture ta kika ce, "Ke, tafi can, ban san ki ba." Suka yi dariya, kika sunkuyar da kai kina murmushi. Ina zaune ina kallonki, kamar an ɗora mini madubi. Ni na koya miki, ba da baki ba, da abin da kika ga ina yabawa a wurin matan mutane. Kuma Nafisa ba Bashiru ba ce. Bashiru in ƙaya ta soke shi sai unguwa ta ji. Ita kuwa shekara uku ina riƙonta da rana kina wurin aiki, na san halinta. In masassara ta kama ta ba ta faɗa, sai ta nemi bayan ƙofa ta kwanta ta rufe fuska. In an tambaye ta ta ce barci take ji. A gidan da ke da yara ashirin, wa zai duba bayan ƙofa?

Akwai wani abu kuma da ba na so ki maimaita. Ni da babanku kowa yana da hutunsa na shekara, amma ba mu taɓa tunanin mu daidaita shi da naku ba. Shi yakan ɗauki nasa da sanyi, lokacin albasa, ya tafi lambun abokinsa. Ni nakan ɗauki nawa in azumi ya zo ko in akwai bikin dangi. Ba wanda ya hana mu neman Agusta, ba mu dai nema ba. A ganinmu hutun yara matsala ce da ake neman inda za a ajiye ta, ba mu san lokaci ne da aka ba mu tare da ku ba.

Yayanku ya so ganin madatsar ruwan da ke bayan gari. Wani ɗan ajinsu ya je ya dawo yana ba su labarin masunta da kwalekwale. Ya dami babanku, babanku ya ce Lahadi. Lahadi ta zo ya ce ya gaji, wata Lahadin. Aka yi shekara biyu ana haka. Wurin nan bai kai tafiyar awa ɗaya a babur ba. Abu ɗaya tak na tuna mun taɓa yi tare, mu biyar. Wata ranar hutu babanku ya kai mu Malbaza, muka shimfiɗa tabarma a gindin bedi kusa da inda manyan motoci ke jerin gwano suna jiran siminti, muka ci dambu da zogale da na dafa. Yayanku ya bi motocin yana ƙirga tayoyinsu, ya dawo fuskarsa fari fat da ƙura yana gaya wa babanku wadda ta fi yawa. Wani direba ya ɗaga shi ya zaunar da shi a gaba ya bar shi ya danna oda. Wata guda yana maganar. Wuni ɗaya ke nan cikin shekara tara, kuma shi nake ta juyawa a raina har yau domin ba ni da wani.

Don haka in kun ce wa yara za ku kai su wuri, ku sa rana, ku gaya musu ranar, ku tafi ko da gajiya. Ba sai an yi nisa ba. Ki tafi da su kasuwar Illela ranar da take ci, ki bar Nafisa ta zaɓi abin miya da kanta. In za ki duba gona ta kusa ki ɗauki Bashiru, ya ga aikin da ke raba shi da uwarsa. Isufu ya gasa musu masara da hannunsa. Kada ya ce ya gaji. Duk uban da ke da ƙarfin zaman fada da abokai har magariba yana da ƙarfin ɗaukar ɗansa a babur, kuma ki gaya masa ni na ce.

Sai maganar kulle. Bayan rasuwar na rantse ba ɗana da zai sake kwana a wani gida. Duk hutu sai in sa muku abinci da ruwa, in ja ƙyaure in sa kwaɗo, in tafi buro da mabuɗi ɗaure a bakin zanena. Na hana ku ƙauye, na hana ku gidan gwaggonku, na hana ku wasan ruwan sama. Ayya ta rasu ba ta ƙara ganinku ba sai sau biyu, kuma ba ta yi mini laifin komai ba. Mariyama har yau ba ta iya sakewa cikin mutane. Ke kuma kin tashi da haushina, na gani a idonki tun kina ƴar shekara goma. Ina ce wa kaina tsare ku nake. Da wuta ta tashi a gidan nan ina buro, da me zan ce? Tsorona na kulle ku da shi, laifin da na yi wa ɗaya na sa biyu suka biya. Wannan ma kuskure ne, kuma ina neman ki yafe mini, ke da ƴar'uwarki. Amma yadda kika faɗa mini shi a tsakar gida, a gaban ƴaƴanki, bai dace ba, kada ki sake.

Saboda haka ban ce kada su je ƙauye ba. Na janye wannan. Su je su san kakarsu, su san dangin ubansu, su ga yadda ake shuka, ruwan sama ya dake su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wata uku a jere, da Agusta a ciki, lokacin da sauro ya fi yawa kuma hanyoyi ke yankewa. Ga abin da nake gani. Su yi Yuli a can, ke da Isufu kuna zuwa bi da bi duk ƙarshen sati, tunda shi yana kusa. Isufu ya rubuta takardar neman hutunsa tun yanzu, a ba shi Agusta, ya zauna da su a Illela kina dawowa kina iske su da yamma. In ya ce namiji ba ya zaman raino, ki ce ya zo ya same ni. In ba a ba shi ba, a kawo mini su. Gwiwoyina sun yi rauni amma idona na gani, kuma na yi miki alkawari ƙofata a buɗe za ta wuni, su yi wasa da yaran unguwa ina zaune a zaure ina kallonsu. Satumba kuma ku duba yadda aikinki ya yi sauƙi. Ku zauna ku biyu ku tsara wannan a natse, ba a tsaye ba, ba a waya ba. Ku kira yaran ku tambaye su abin da suke so, ko ba za ku bi duka ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne dalilin takardar. Ranar da za a kai su, kada ki bar Isufu ya kai su shi kaɗai. Ki je da ƙafarki. In kin gama gaisuwa, kin durƙusa yadda ya kamata, ki kira Nafisa da sunanta a gaban surukarki da duk matan gidan, da murya yadda kowa zai ji. Ki zaunar da ita a jikinki. Ki ce, wannan ba ta faɗin ciwo, in ta yi shiru a kira ni ko ina ina. Za su dubi juna. Wata za ta rufe baki da mayafi, wata za ta ce ƴaƴan yanzu ba kunya. Ki bar su su faɗa. In abin ya yi miki nauyi, ki ce uwarki ce ta sa ki, ki ce tarbiyyar gidanmu ke nan. Su zage ni daga Malbaza har Ƙonni, na ɗauka. An yabe ni da kunya shekara da shekaru, na san abin da yabon ya ci mini, ba na son ko kaɗan daga cikinsa ya zo gidanki.

In kin karanta, ba sai kin kira ni a kan maganar yayanku ba, ba zan iya ta a waya ba. Ki dai gaya mini ranar da kuka sa, in shirya musu kaya.

Allah Ya tsare ki a hanyoyin da za ki bi cikin daminar nan, Ya tsare ki daga ruwa da laka da faɗuwar babur. Allah Ya tsare Isufu a bakin injuna. Allah Ya raya Nafisa da Bashiru, Ya sa su ne za su binne ku, ba ku za ku binne su ba. Allah Ya jiƙan babanku da Ayya da yayanku, Ya gafarta mini. Ya sa a yi damina mai albarka, a fita lafiya da kowa.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Hadizatu
Birnin Ƙonni